Zoben Baba

Shekara goma sha ɗaya ina zubin adashi,
ina aikin dare a ɗakin haihuwa,
ina gutsurar albashi kamar mai cin goron aro.
Ran Talata sai ga ta a ƙofar gida,
ja wur, kamar zoɓon da ba a sirka ba,
kujerunta ko leda ba a cire musu ba.

Daren nan ban rintsa ba.
Ba ɓarawo nake tsoro ba.
Bedin tsakar gidanmu nake tsoro, mai ɗigar da ƙaro,
da jemagun magariba
masu barin sa hannu a kan rufin kowa,
da ranar Yamai,
wadda ta cinye jan zanen Inna a kan igiya
ta bar mata ruwan hoda.

Da safe na nufi Wadata.
Zabairu ya jera kwalabe kamar mai maganin gargajiya:
"Wannan kaki ne, Hajiya, man kaɗen mota,
ki shafa, ki murza, wata uku ki sake.
Wannan seramik, yana bushewa kamar fuskar tangaran,
ruwa ya sauka, ya dunƙule, ya gangara.
Wannan kuwa leda ce garai-garai,
a manna mata a goshi,
tsakuwa ta zo da fushi ta koma da kunya."
Na ce duka nawa?
Sai da ya dubi makullin hannuna kafin ya amsa.
Jika ɗari huɗu.
Na ce haba, Zabairu,
fatar da na zo duniya da ita
ban taɓa kashe mata rabin haka ba.

A bakin shagon, Nomau mai wankin mota
yana matse tsumma, bai ko ɗago ba.
Ya ce, "Ba rana ce kaɗai ke cin fenti ba.
Tsumma mai yashi ya fi ta haƙora.
Ki wanke a inuwa, bokiti biyu,
kada ki bar yaro ya zo mata da sabulun tukwane."
Wannan shawara kyauta ce,
ita na fi riƙewa.

Na sayi ledar goshi, don na san hanyar gida.
Na sayi gwangwanin kaki ɗaya.
Seramik na ce ya jira kwasar gaba.

Asabar na ɗauki hanyar Tawa.
Doso, Dogon Dutsi, Kwanni,
kowace babbar mota ta wuce tana watsa min tsakuwa,
ina jin ƙas, ƙas, ina salati,
in tsaya in duba: ba komai.
Na ce Zabairu, Allah ya yi maka albarka, ka yi tsada amma ba ka yi ƙarya ba.

Baba Maiduka yana kan tabarma.
Shekara arba'in yana dillancin shanu,
yanzu ido ya tafi, hannu ya gaje shi.
Na kama shi muka fita.
Ya shafa ta daga wuya zuwa gindi,
yana bubbugawa, yana saurare,
kamar zai ce a buɗe bakinta ya ƙirga haƙora.
A ƙofar baya, inda leda ba ta kai ba,
zoben azurfarsa ya ja layi.
Ƙiii.
Na ji shi har cikin haƙarƙarina.

Shi bai ji ba.
Ya ce, "Lafiyayya ce. Wa ya saya miki?"
Na ce, ni, Baba.
Ya yi shiru. Ya sake shafa ta.
Ya ce, "To, a kai ni kasuwa a gan ni."

Da na dawo, Zabairu ya sunkuya ya duba:
"Bai shiga ba sosai. Jika biyar, in goge shi."
Na ce bar shi.
Nomau ma ya gane, in ya zo wajen sai ya sassauta hannu.

Amma bedin nan,
gobe da sassafe za a rage masa reshe.